Abin da Ke Ƙarƙashin Gidan Inna

Sana'ata kankana. Idan lokacinta ya wuce nakan taɓa gero da gyaɗa, amma daga Kazaure zuwa Babura da kankana aka san ni. Da tire na fara a bakin tasha, ina yankawa ina sayarwa, yau kuma mota nake cikawa in tura Kudu. A wannan sana'a ba mai barin ka ka fasa kaya kafin ka saya. Ka ɗauka, ka ɗora a tafin hagu, ka ƙwanƙwasa da dama, ka ji abin da za ta ce. Nunanniya amsarta daban, ɗanya daban, wadda ta fara ruɓewa a ciki kuwa kamar ka bugi matashin kai. Da wannan kunne na ci abinci, na yi aure, na gina gida. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ƙasan gidan da aka haife ni za a ƙwanƙwasa, ni kuma in tsaya ina jiran amsa ba.

Gidan yana wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, a gindin duwatsu. Can mahaifiyata take, muna ce mata Inna, tare da ƙanwata wadda mijinta ya rasu. Rijiyar da mahaifinmu ya haƙa a tsakar gida da bazara take ƙafewa a da. Sai ta koma ƙafewa tun ba a gama sussuka ba. Daga ƙarshe ko da damina guga laka yake fitowa da ita. Ta bakin masallaci ma haka. Mutane suka fara tashi, gida bayan gida, wasu Roni, wasu Kano. Na yi magana da wani mai babur ya riƙa kai musu jarkoki daga wata burtsatse da ke kan hanyar Roni. Ran da babur ya lalace, ko mutumin ya sami lodin da ya fi nawa, sai su wuni a haka. Wata rana na je na tarar da Inna tana taimama a ƙofar ɗakinta, don ɗan ruwan da ya rage a randa na sha ne. Na koma mota na daɗe a zaune.

Sau biyu na kawo masu haƙa burtsatse. Na farko ya dubi wata bishiya da wani suri, ya taka wuri da ƙafa ya ce nan. Injin ya wuni yana kuka, ba abin da ya fito sai farar ƙura, har ta rufe ganyen darbejiyar ƙofar gida. Na biyu ya zo da wayoyi da wani akwati, ya yi 'yan aune-aune cikin sauri yana amsa waya, ya nuna bayan gida. Ƙurar dai ita ce. Duk wanda ya taɓa biyan mai haƙa ya san ba ruwa kake saya ba, rami kake saya.

Bayan wannan na ce wa Inna ta dawo Kazaure. Ɗaki na nan, ga famfo, ga asibiti kusa.

"Nan aka kawo ni," in ji ta, "nan za a ɗauke ni."

"Inna, ba ruwa."

"Kai ka ce babu. Waɗancan masu injin ma gaggawa suke yi, ko abincin da na ba su a tsaye suka ci."

Na yi ta fama, na turo kawu, na turo liman. Ƙanwata kuwa bayanta ya riga ya gaji da ɗaukar jarka, ba ta dai faɗa a gaban Inna. A ƙarshe ga abin da na samu daga bakin Inna: "In ƙasar ce ta ce babu, na bi ka. Amma ƙasar, ba kai ba." Na san ta faɗa ne don ta rufe mini baki, don a saninta ƙasa ba ta magana. Ni ma a sanina haka ne.

Babbar 'yata sunan Inna gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. A lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙasa da duwatsu. Gaskiya ban taɓa tambayarta me ake koya musu ba. Nawa biyan kuɗin makaranta. Wata rana da la'asar, tana gida hutu, na shigo da kankana biyu ina ƙwanƙwasa su don in ga wadda za a fara yankawa, sai ta yi dariya.

"Baba, ashe aikinmu ɗaya."

"Ke ma kin fara dillanci?"

"Kankanarmu ta fi taka girma. Duniya ce."

Na zauna a kan tabarma don ƙafafuna sun gaji, ba don ina son lacca ba. Ta ɗauki kankanar ta ɗora a cinya. Ta ce ba wanda ya taɓa fasa duniya ya leƙa, ramin da ya fi kowane zurfi da mutane suka haƙa ko ɓawonta bai huda ba. Ɓawon ma, in aka gwada da girmanta, bai kai kaurin na kankana ba, ya fi kama da na albasa. Amma an san abin da ke ciki.

"Wa ya ƙwanƙwasa ta?" na ce. "Da wane hannu?"

"Girgizar ƙasa."

Ta ce idan ƙasa ta girgiza a wata ƙasa mai nisa, abin ba ya tsayawa inda gidaje suka rushe. Motsin yana shiga cikin duniya ya ratsa ta, ya ɓulla a wurare masu nisa, ya yi rauni har mutum ba ya ji, amma akwai na'urori a ƙasashe da yawa da aka kafa suna saurare dare da rana. Suna rubuta lokacin da ya iso. A dutse mai tauri yana gudu, a abu mai laushi yana rage tafiya, in ya shiga daga wani abu zuwa wani kuma sai ya karkace hanya. Daga wanda ya iso da wuri da wanda ya makara ake gane abin da ya ratso.

Sai ta ce motsin iri biyu ne masu shiga ciki. Ɗaya turi ne, kamar a jera buhuna a bayan mota ka bangaji na farko, na ƙarshe ya amsa. Wannan shi ne mai sauri, kuma yana bi ta komai, dutse ko ruwa. Na biyu kamar ka ɗaure igiya a jikin bishiya ka kaɗa ta gefe da gefe. Shi ba ya bi ta ruwa, don ruwa ba shi da riƙon da zai miƙa shi gaba. Ta sa yatsa a gefe ɗaya na kankanar, ta zagaya da ɗaya hannun zuwa bayanta.

"In aka yi girgiza nan, masu saurare a can baya na biyun ba ya zuwa musu. Ko sau ɗaya. To me ya tare shi?"

"Ruwa," na ce.

"Narkakken ƙarfe, Baba. Yana kewaye da tsakiyar duniya. A can cikinsa kuma akwai wani dunƙule mai tauri. Ba wanda ya gani, ji aka yi."

Wannan bai ba ni mamaki yadda take so ba. Mutumin da ya taɓa jin ruɓaɓɓiyar kankana a hannunsa ba zai yi musu ba. Abin da na tambaya ɗaya ne.

"Sai an jira girgiza? Mu nan Allah Ya raba mu da ita."

"In ba zurfi sosai ake nema ba, guduma ta isa."

Na ajiye wuƙar da na ɗauko don yanka kankana.

An ɗauki lokaci kafin abin ya yiwu. Tana da aikin da za ta yi na gama makaranta, ta roƙi malaminta ya bar ta ta yi shi a ƙauyenmu, aka haɗa ta da mai kula da kayan aikin. Wani dattijo ne mutumin Filato, mai tumbi da barkwanci, yana Hausa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Ni na ɗauko su a motata da sassafe. Tun a hanya ya gaya mini gaskiya.

"Alhaji, kada ka ce na yaudare ka. Wannan abu ba ya ganin ruwa. Tauri da laushi yake ji. In dutsen ya rube ko ya tsattsage da zurfi, to akwai inda ruwa zai zauna. In ɗanye ne, ko wane malami za ka kawo, ƙura za ka sha."

"Na riga na sha, Oga."

"To ka san ɗanɗanonta."

Muka gaida Inna, muka fita bayan gida. Suka shimfiɗa doguwar waya ta ratsa gonarmu har kusa da burtali. A jikinta aka jera wasu 'yan abubuwa kamar gwangwanin tumatir masu tsini a gindi, ana caka su a ƙasa. Oga yana ce musu kunnuwa. Ƙarshen wayar ya shiga wani akwati da kwamfuta a inuwar kuka. Aka ajiye farantin ƙarfe a ƙasa, ga guduma irin ta masu fasa dutse.

Ba a kai ga bugawa ba Oga ya tsuke baki. Layukan da ke allon kwamfutar ya kamata su kwanta shiru suna jira, sai ga su suna ta tsalle. Ya bi wayar yana dubawa. Ya cire wani kunne ya sake cakawa. Wani babur ya wuce, muka ce shi ne, muka jira. Garken shanu ya biyo burtali, muka ce su ne, muka jira har ƙurarsu ta kwanta. Layukan ba su daina ba. Rana ta fara zafi. Oga ya fara zargin akwatin, yana cewa hanyar Roni ta girgiza masa hanji. Ni kuwa na jingina da kukar ina tunanin ga wani aikin banzan kuma, ga lodi na bari a Babura ba wanda zai tsaya mini a kai.

Uwata ce ta tsura wa allon ido. "Oga, wannan ba hargitsi ba ne. A jere yake zuwa. Dubi, uku-uku."

Ta ɗago ta dube ni, na dube ta. A lokacin kunnena ya buɗe. Tun isowarmu ake daka a gidan Inna, lugude na taɓarya uku. Muna ji, amma wa ke jin daka a ƙauye? Kamar carar zakara ce, kunne ya saba zubar da ita. Inna ta ji za a kawo mata baƙi daga jami'a, ta aika aka kira sauran matan da suka rage a unguwar, ana surfe, za a yi fura da tuwo. Ruwan surfen ma na san daga randar sha aka ɗiba.

Muka shiga ni da Uwata. Inna tana kan kujera 'yar tsuguno tana ba da umarni.

"Inna, a ɗan dakata da dakan nan."

"Saboda me?"

"Yana ɓata musu aiki."

"Aikinsu a gona, turmina a gida. Baƙi su zo mini tun daga birni su koma da yunwa? Ku ci gaba," ta ce wa matan.

Uwata ta durƙusa kusa da ita. "Takwara, turminki ne ya cika surutu. Muna so mu ji ƙasa, ya hana."

"Ji mini marar kunya. Ke da ko taɓarya ba ki iya riƙewa ba, sai biro. Wa zai aure ki?"

"Wanda ke da injin niƙa. Taso ki gani da idonki."

"Ba inda za ni."

"Tsoro kike ji ke nan."

Da wannan ta taso ta. Aka riƙo ta har gindin kukar, Oga ya cire hula ya gaishe ta, ya ba ta kujerarsa. Uwata ta aika a tsayar da dakan. Layukan suka kwanta. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa ƙanwata ta buga sau ɗaya. Daga cikin gida muka ji dum, layin farko ya yi tsalle, na kusa da shi ya bi, har zuwa can.

Inna ta matso da fuskarta. "A sake."

Aka sake.

"Turmina ne wannan?"

"Shi ne, Mama," in ji Oga. "Ta ƙarƙashin katanga ya biyo."

Ina kallonta, na ga lokacin da ta gane cewa maganar da ta faɗa don ta rufe mini baki ta zama ciniki. Ba ta ja da baya ba, wannan kam ba halinta ba ne. Ta ce a kifar da turmin. Ta ce a ɗaure awaki. Ta aika wa mai injin niƙa na bakin masallaci ya kashe injinsa, in ya tambaya a ce ita ta ce. Ta sa aka gaya wa masu babur su tura da hannu in za su wuce. Ban taɓa jin ƙauyenmu shiru irin na ranar ba. Sai a lokacin na lura yadda gidajen da ba kowa suka yi yawa.

Ni na ɗauki gudumar. Oga ya ce in bari a nemo mai ƙarfi, na ce ƙasar ubana ce. In ɗaga, in jira ya ɗaga hannu, in sauke a kan farantin. A matsar da shi gaba, in sake. Bugu yana dawo mini ta ƙafa har haƙori. Tun ban ga allon ba jikina ya ba ni, don amsar da ƙasar ke bayarwa a bushe take, irin ta kankanar da aka tsinke tun ba ta yi ba. Amma ban yarda da ƙafata ba. Ba fannina ba ne, na ci gaba da bugu. Muka gama wannan layi, aka naɗe waya aka shimfiɗa ta gabas da gida, sannan ta gefen masallaci. Azahar ta wuce. Kafaɗata ta mutu. Inna tana nan zaune, ta ƙi komawa ciki.

Da aka gama, Uwata ta ja ni gefe. Ta ce sai sun koma makaranta sun yi lissafi a tsanake, amma abin a fili yake. Ƙasa mai laushi 'yar kaɗan ce a sama. Da motsin ya ɗan nutsa sai ya kama gudu, alamar ya taka dutse, kuma haka yake ko'ina, gaba da baya, ba alamar ruɓewa. Rijiyar kakanta a wannan 'yar ƙasar ta sama take shan ruwa, shi ya sa da damuna suka canza ta mutu.

"Ko'ina?" na ce.

"Akwai wuri ɗaya can ƙarshen gona, wajen burtali. Motsin ya ɗan makara a wurin. Dutsen ya ɗan yi ƙasa."

"To?"

"Kaɗan ne, Baba. Zai iya riƙe ruwa da damina ya ƙafe da rani. Zai iya zama babu komai. Tsaga siririya kuma wannan abin zai iya tsallake ta bai ji ba, ba zan rantse maka ba. Amma ba zan ce maka ka haƙa ba."

Oga yana naɗe waya, bai ɗago ba ya ce, "Ni ma haka, Alhaji."

A tsakanin kukar da inda Inna take zaune na yi tunanin in bar maganar burtali a cikina. In na faɗa, za ta riƙe ta, mu sake shekara muna jan jarka. Amma ban taɓa miƙa wa mai saye kaya ina ɓoye gefen da ya taɓu ba, ba kuma da uwata zan fara ba. Na tsuguna a gabanta na faɗa mata duka, har da burtalin.

Ta saurara tana jan carbi. "Wurin burtalin nan," ta ce, "in kankana ce, kai za ka saya?"

"Ba zan saya ba, Inna."

"Ko an rage maka?"

"Ko an rage."

Ta dubi gonar, ta dubi duwatsun. "To," ta ce. Sai ta juya wajen ƙanwata. "A tayar da turmin. Mutanen nan ba su ci komai ba."

Sai bayan la'asar muka sha furar. Oga ya sha kwano biyu yana yabawa, Inna tana ce masa da ba don allonsa ba da tun da hantsi ya sha.

Lissafin makaranta ya fito bayan 'yan makonni, bai canza komai ba. Inna ta ce a bar ta ta ga an shigar da gero. Da aka gama na kawo motar da nake lodin kankana. Kayanta ba su cika rabinta ba. Ta raba awakin, ta bar wa maƙwabciya randa, ta sa aka rufe bakin rijiyar da itace da ƙaya kada wani abu ya faɗa. Turmin ne ta ce a ɗaure shi da kyau. Na ce akwai injin niƙa a ƙofar gidana. Ta sa aka ƙara masa igiya.

Yanzu tana Kazaure. Famfon da na yi mata alkawari wani lokaci yakan yi mako bai kawo ba, mu sayi na 'yan garuwa masu tura kura, ita kuwa ba ta taɓa barin wannan ya wuce ba ta yi magana ba. Amma randarta ba ta bushewa, kuma ban sake ganin ta tana taimama ba. Ba ta cika fita tsakar gida ba. Ta rame kaɗan. Ƙanwata ce ke daka mata fura a turmin, a kan siminti, in na dawo daga kasuwa na kwanta da rana sai in ji shi ta ƙafar gado.

Da Uwata ta zo hutu bayan ta gama, ina zaune ina cire takalmi na ji su. Ana daka, Inna ta kira ta.

"Takwara, mutanen nan naku masu saurare a ƙasashe, suna jin wannan?"

"A'a, ba ya kai musu. Ya yi ƙanƙanta."

"Roni fa?"

"Ba ya kaiwa."

"Ko ta ƙarƙashi? Ke kika ce a dutse gudu yake."

"Ko ta ƙarƙashi, takwara. Nan kusa yake mutuwa."

Inna ta gyara zama. Ta ce wa ƙanwata geron bai yi laushi ba, ta ƙara.